Kujerar Baƙo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki da duk mutanen gidansa. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Yaya kuma gwiwar taki da kika ce tana damun ki in gari ya yi sanyi? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau muke, sai kewarku.

Saƙonki ya iso, na kuma karanta shi har na kusa haddacewa. Na gane cewa likitan ido zai zo asibitinku a tsakiyar damina, ya ce yanar da ta rufe idanun Inna za ta ciru, amma jinkiri ba alheri ba ne. Na gane kuma Inna ta kafe, wai ba mai kusantar idonta da wuƙa sai Autanta na riƙe da hannunta. Ban kuma tsallake zagin da kika lulluɓe a ƙasan takardar ba, inda kika ce in ruwan famfo ne ya haife ni in faɗa muku ku daina jira. Na ji, ban yi fushi ba, don tun muna yara bakinki ya fi bulalarki zafi.

Amma Yaya, ki dubi lokacin da likitan nan ya zaɓa. Da damina matatar ruwa ba ta barin mutum ko gyangyaɗi. In aka yi ruwa mai ƙarfi a can sama, kogin da muke zuƙo ruwa daga cikinsa yakan taso ja wur, ɗauke da laka da ciyayi da ledoji. Ragar bakin bututu ta toshe, a shiga share ta. A ƙara alif ɗin da muke zubawa don laka ta kwanta, a rage gudun injuna, a san unguwar da za a rufe wa ruwa da wadda za a bari. Duk wannan a wuyana yake.

Kin tuna Tsohuwa, babban injin nan da nake ba ki labari, wadda ke tura ruwa zuwa tankin kan tudu? Ta girmi rabin ma'aikatanmu. In za ta yi gardama kukanta ne ke fara canzawa, kuma ni kaɗai nake jin bambancin. Bawulolin buɗe ruwa da rufewa da ke jere a farfajiya kuwa duk kamarsu ɗaya, baƙaƙe masu tsatsa, amma ko ido rufe na san wanda ke kai ruwa asibiti da wanda ke kai wa kasuwa. In na bar gari aka yi ruwa mai ƙarfi, mutane za su wuni da ƙishi, ko su sha laka, wanda ya fi muni. Ba yabon kai nake yi ba, abin ne ya zama haka.

Saboda haka ki lallaɓa mini Inna. Ki ce mata ke ma jininta ce, hannunki ma hannu ne. In ta ƙi, ki tambayi likitan ko zai sake zagayowa da rani. Wallahi abin yana ci mini rai, rabona da ganinta har ina jin kunyar lissafawa.

Wani labarin kuma, an kawo mana sabuwar shugaba. Injiniya ce, 'yar siririya, ba ta da hayaniya, tana yawo da takalmin roba kamar kowa. Tambaya ɗaya gare ta. Duk wanda ta tsaya a kansa sai ta ce masa, to in ba ka nan fa, wa ke yi? Har ma'aikata sun laƙaba mata suna In-Ba-Ka-Nan. Da ta zo kaina na ce mata ni kullum ina nan. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce Allah ya ja kwana, ta wuce abinta.

Maman yara tana gaishe ki, ta ce in faɗa miki tana bayanki a wannan maganar, wato kun haɗe mini kai ke nan. Ki miƙa gaisuwata ga Inna da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, Inna ma tana samun ƙarfin jiki. Na ga amsarki, gajeriya kamar an ce miki tawada ta yi tsada. Inna ta ce ko dai ni ko a bar mata idonta yadda yake. Na ji. Ki bari in ba ki labarin abin da ake yi mana a wurin aiki, ko kya yi dariya ki huce.

Shugabar nan ta fito da wani tsari da ban taɓa jin irinsa ba. Ta samo wata kujerar roba shuɗiya mai hannu, ta ajiye a baranda. Kowane mako a taron safe sai ta zuba sunayenmu a cikin hular kwanon aiki ta girgiza, ta zaro ɗaya. Wanda sunansa ya fito ya zama baƙo ranar nan. Zai zauna a kujerar, a kawo masa shayi, a karɓe wayarsa a kulle a aljihun tebur. Ba ya magana, ba ya nuni da hannu, ko giftawa aka yi ta gabansa da tambaya sai dai ya yi murmushi irin na baƙo. Sauran mu kuma mu yi aikinsa tare da namu. Ita kanta sunanta na cikin hular.

Da farko abin dariya muka ɗauke shi. Akwai wata mai zama a teburin ƙorafi da muke kira Haƙuri, saboda tun safe har yamma abin da take ce wa mutane ke nan. Ranar da ta zama baƙuwa ni aka ɗora a teburinta. Yaya, ban san gari na da baki haka ba. Waya ba ta huta ba. Wata mata ta zo har gabana da bokitin ruwa mai launin shayi ta dire, ta ce in ni ne mai tacewa in sha ta gani. Na fara yi mata bayanin laka da alif, ta ce ita ba karatu ta zo ba. Haƙuri na can baranda tana kurɓar shayi, kafaɗunta sai rawa suke yi don dariya. Ranar na gane cewa ita ma akwai taswirar gari a kanta, ta san layin da ruwa ke fara ɗaukewa, da gidan da ke da marar lafiya, da makarantar da ba ta da rijiya.

To, wancan makon sunana ya fito. Ina zama, shugaba ta tara mutane ta ce mu ɗauka kogi ya yi ja kuma Tsohuwa ta ƙi tashi, kowa ya nuna abin da zai yi. Mai gwajin ruwanmu, wadda ake kira Kwalba don ba a ganinta sai da kwalaben gwaji a hannu, ita aka ba ragamar. Dogo direban tankar ruwa shi ke juya mata bawul. Ina zaune ina kallo suka nufi wanda ba shi ba. Na yi tari. Ba su ji ba, na ƙara wani mai ƙarfi. Sai ga shugaba ta zo ta miƙo mini alewar tari, ta juya kujerata ta fuskanci bango, ta ce baƙo ya huta da kallo.

Ba a jima ba na ji ihu. Sun buɗe bawul ɗin wanke tanki, ruwa ya malale farfajiya har ya cika wa shugaba takalmi. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi ya kama ni. Na ce a raina yau dai kowa ya san wane ne wane. Na shanye shayina har da tanɗe baki.

Da yamma muka taru ina jiran a yi wa Dogo faɗa. Amma shugaba ba wanda ta ce wa ya yi laifi. Tambaya kawai ta yi, wai me ya sa bawul ko ɗaya ba shi da alama? Idanu duk suka juyo kaina. Na ce ai ba a taɓa buƙata ba, tunda na san su. Ta ce gaskiya ne, kuma hukumar tana godiya da wannan sanin, amma garin nan mai dubban mutane yana shan ruwa ne bisa sharaɗin kada zazzaɓi ya kama mutum ɗaya. Maganar ta yi mini zafi, Yaya. Na koma gida na kasa cin abincin kirki. Na gaya wa maman yara ina neman mai taya ni fushi, sai ta ce ita dai tana son ganin matar nan ta gaishe ta.

Washegari ni da kaina na sayo fenti. Na asibiti fari, na kan tudu shuɗi, na kasuwa rawaya, na wanke tanki kuwa ja, har da rubuta sunan Dogo a jikinsa don ya riƙa tunawa. Yanzu kuma duk safiya ina tsayar da shi da Kwalba kusa da Tsohuwa mu saurari kukanta. Kwalba ta ce ita duk ƙara ɗaya take ji, sai ta kawo wani ɗan ma'auni ta manna a jikin injin, wai lamba ta fi mata kunne. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Game da zuwa, har yanzu ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kada ki ce wa likitan komai tukuna.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce Autanta yana nan yana tunaninta.

Ƙaninki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata kowa lafiya. Wannan takardar a tsaye nake rubuta ta, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Ina zuwa. Ki faɗa wa Inna, ki kuma sa a rubuta sunanta a wurin likita.

Tun wancan karon na sake hawa kujerar baƙo har sau da dama, don shugaba ta ce hular tana ƙaunata, ko da yake ina zargin akwai hannu a ciki. Karon ƙarshe ba a juya ni bango ba, kuma ban yi tari ba. Sun yi jinkiri, sun yi gardama a tsakaninsu, Kwalba ta zuba alif fiye da yadda ni zan zuba, amma ruwa ya fita garau ya hau tudu. Da yamma na shiga ofishin shugaba na gaya mata zancen Inna. Ta ce me ya hana ni faɗa tuntuni? Ta ce in je, za a ɗauke ni baƙo na mako guda, kuma dokar kujera tana nan, ba mai kira na, ni ma kada in kira kowa.

Sai dai Yaya, ga abin da ke damuna. Yau da safe na sauka bakin kogi, ya fara sauya launi, ga hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin. Irin makon da ban taɓa barin matatar ruwa ba ke nan. Na tsaya kusa da Tsohuwa na daɗe, ina jin kamar akwai wani ɗan kaushi a kukanta, ko kuwa kunnena ne ke nema mini dalilin zama, ban sani ba. Na gaya wa Dogo, ya ce shi ma ya ji, kuma ma'aunin Kwalba ya nuna. Ya ce in tafi kawai, in ta mutu za su yi mata sutura ba sai na dawo ba. Kin ji ɗan banza.

Maman yara ta riga ta haɗa mini jaka ta ajiye a bakin ƙofa, yadda ko zan fita alwala sai na yi tuntuɓe da ita. Wataƙila ni da takardar nan mu iso tare. In kin ga na fara kame-kame a can ina cewa zan koma, na ba ki izini ki kulle ƙofa.

Ƙaninki,
Auta


Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da godiya mai yawa, ina sanar da ke na iso gida lafiya. Allah ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kika yi da ni, ke da maigidanki, har da ba ni ɗakinsa na karatu. Yaya idon Inna? Ana ɗiga mata maganin a kan lokaci? Kada ku bari ta riƙa murzawa, kin san halinta.

Kin ce in rubuto miki abin da na tarar, don kin ga yadda na riƙa juya waya a hannu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, har Inna ta lalubo ta ƙwace ta tura ƙarƙashin matashinta. To ga labari.

Ina shiga gida na ga bokitai jere a tsakar gida, ga maman yara ta riƙe ƙugu. Na murɗa famfo, ko ɗigo. Na ce shi ke nan, abin da nake tsoro ya faru, gari ya bushe. Ta ce gari dai lafiyarsa ƙalau, mu ne muka bushe. Ban ko cire takalmi ba na nufi matatar ruwa.

Ashe washegarin tafiyata aka tafka ruwa. Kogi ya kawo wata ƙatuwar bishiya ta tokare bakin bututu, ana cikin fama da ita Tsohuwa ta yi shiru. Abin da shugaba ta riƙa cewa mu ɗauka ya faru, ya faru da gaske, duka biyun a rana ɗaya. Ƙananan injuna kaɗai suka rage, su kuma ba sa iya ba gari duka ruwa a lokaci guda.

Kwalba ta karɓi ragama. Ta tare a bakin tankunan tacewa da kwalabenta, tana gwaji tana canza yawan alif yadda kogi ke canzawa. Dogo da makanikai suka buɗe cikin Tsohuwa, kuma da yake sun ji kaushin nan tun kafin in tafi, sun riga sun nemo abin da za a canza. Ma'aikatan ofis, har masu ɗaure wuya, suka naɗe wando suka shiga jan bishiya da igiya. Shugaba da kanta ta zauna a teburin ƙorafi tana amsa waya, don an ɗauko Haƙuri an kawo ta farfajiya ta faɗi yadda za a raba ruwan.

Nan ne aka yi mana aika-aika. Haƙuri ta ce farin bawul na asibiti ba za a taɓa shi ba. Kan tudu a ba su da safe, don ba su da rijiyoyi, kasuwa da rana, makarantu a kai musu da tanka. Da aka zo kan wanda za a rufe gaba ɗaya sai ta ce unguwar ma'aikata, wato tamu, tunda kusan kowane gida akwai tanki, kuma mu ne muka fi kowa sanin dalili. Yaya, shekara da shekaru ina raba ruwa a garin nan, ban taɓa rufe wannan layin da farko ba. Ba don son kai ba, kawai haka na gada, haka hannuna ya saba. Na tsaya na auna, na ga tsarinta ya fi nawa. Na faɗa mata haka a gaban mutane, ta ce in yi haƙuri, kowa ya fashe da dariya.

Ba wai komai ya tafi sumul ba. Wata unguwa ta wuni ba ruwa saboda an manta an sake buɗe mata, an kuma ɓarnatar da alif ba kaɗan ba. Da ina nan da ba a yi waɗannan ba. Amma ba wanda ya sha laka, asibiti ko na ɗan lokaci bai rasa ruwa ba, kuma ba wanda ya kira ni. Dogo ya ce ya ɗauki waya ya fi a ƙirga, sai ya tuna jan bawul mai sunansa ya ajiye. Na je na gaida Tsohuwa, tana aiki, amma kukanta ba irin wanda na sani ba ne, sun ɗaure ta yadda suka ga dama. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in gyara. Na saurara na ji ba wata matsala, na zura hannun a aljihu na fito.

Na ɗauka ranar da matatar ruwa ta yi aiki ba ni zan ji an rage mini daraja. Na ɗan ji, ba zan yi miki ƙarya ba, kamar na ɗan lokacin shan shayi. Bayan nan sai na ji wani sauƙi a ƙirjina da na manta akwai irinsa. Jiya na yi barcin rana ana ruwan sama, maman yara har ta taɓa goshina ta ji ko lafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa kina wurin, amma bari in faɗa, don a can na kasa magana. Lokacin da likita ya cire auduga daga idon Inna, kin ga yadda ta bi ɗakin da kallo. Ta gane ki, ta gane labule, har ta ce wa likitan ashe yaro ne. Ta dube ni ta wuce, alhali hannunta na cikin nawa, ta ce ina Auta? Sai da na yi magana ta dawo da idonta kaina. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗaga hannu ta shafa kaina ta ce wa ya zuba wa ɗanta furfura haka ba a gaya mata ba? Ku kuka yi dariya. Ni fita na yi, na ce miki zan nemo ruwan sha, amma bayan ɗakin na zagaya na yi kuka mai isata. Ba yanar ido kaɗai ta hana ta ganin furfurar nan tana fitowa ba, Yaya, ai ko da idon garau yake ba na nan balle ta gani.

Yanzu dai an dawo mana da ruwa, maman yara ta sauke hannu daga ƙugu, ta ma aika wa shugaba gaisuwa. Gobe akwai taron safe, ana ta addu'a hular ta zaro sunan In-Ba-Ka-Nan mu ma mu juya ta bango.

Likita ya ce saura ɗaya idon, sai ya sake zagayowa. Ki ce masa ya zaɓi duk lokacin da ya ga dama, ko da tsakiyar damina ne, ko da kogi ya yi ja. Ki kuma ce wa Inna ban shafa wa furfurar komai ba, na bar mata ita ta ƙarasa gani da ido biyu.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya bar zumunci, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana.

Ƙaninki mai furfura,
Auta